Digirin Dakta a Kimiyyar Zamantakewa: Ina Ɗan Zango Zai Nemi Kuɗin Karatu, Gida ko Waje?

Duk shekara, da zarar Satumba ta kama, sai sanarwar sikolashif ta cika zaurukan WhatsApp na matasan Nima, Madina, Aboabo da Asawase. Da yawa daga ciki na ɗauke da wata magana mai jan rai, cewa an ware kuɗin ne saboda ɗaliban da al'ummarsu ba ta da wakilci a manyan makarantu. Ɗan zango yana karantawa zai ce ai da shi ake, kuma bai yi kuskure ba wajen gane halin da yake ciki. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kusa kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana, amma shiga ɗakin malaman sashen kimiyyar siyasa ko na nazarin zamantakewa a manyan jami'o'inmu ka ƙirga 'yan zango, ba za ka daɗe kana ƙirga ba. Fitattun littattafan bincike kan zangon Kumasi da Sabon Zangon Accra ma baƙi ne daga Amurka suka rubuta su.

Kuskuren yana wajen zaton cewa wannan magana ma'anarta ɗaya a ko'ina. A Amurka, idan an ce marasa wakilci, galibi 'yan ƙasa ake nufi: baƙar fatar Amurka, masu asalin Latin Amurka da 'yan asalin nahiyar. Tallafin Gidauniyar Ford na masu shirin dakta da na hukumar kimiyya ta Amurka (NSF) duk sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, kuma Ford ta sanar tun 2022 cewa za ta naɗe nata. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023 kan duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jami'o'i da dama sun sauya irin waɗannan shirye-shirye ko sun rufe su. A Ingila ma guraben da ake keɓe wa baƙar fata yawanci na masu biyan kuɗin makaranta a matsayin 'yan gida ne. Shirin da ya taɓa zama na irinmu tsantsa shi ne wanda Ford ta gudanar a ƙasashe 22 har da Ghana, wanda Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Accra ta kula da shi a wannan yanki. Ya fara a 2001, ya rufe a 2013. Har yau yayyenmu na ambatonsa kamar yana nan.

Saboda haka, kafin ka ɓata mako uku kan wata takarda, gangara zuwa sharuɗɗan cancanta ka nemi layin da ya yi maganar ɗan wace ƙasa. Mafi yawan kuɗin da ɗan zango zai iya samu kuɗi ne da ake gasa a kansu da kowa, kuma abin auna su huɗu ne: shekara nawa aka yi alkawari a rubuce, ko akwai kuɗin fita tattara bayanai, nawa za ka kashe daga aljihunka kafin kuɗin farko ya shigo, da kuma yadda iyali za su kasance. Girman alawus na wata yana zuwa ne bayan waɗannan.

Karatu a gida

A Jami'ar Ghana da ke Legon, dakta shekara huɗu ce ga mai karatu cikakken lokaci. Shekarar farko kwasa-kwasai ne da babbar jarrabawa, ta biyu koyon bincike a aikace, sauran biyun rubutun kundi. Akwai wuraren da suka yi suna a fannin: ISSER a tattalin arziki da nazarin ci gaba, RIPS a nazarin yawan jama'a, Cibiyar Nazarin Ƙaura, da Cibiyar Nazarin Afirka wadda ke ajiye da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi. A Kumasi akwai jami'ar KNUST, ga kuma rumbun tarihi na Manhyia da reshen PRAAD, hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, ga mai bin diddigin cinikin goro ko dokar korar baƙi ta 1969. Wanda bincikensa ke kan zango, filin aikinsa kuɗin trotro ne kawai tsakaninsa da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar gida ita ce kuɗi ba ya zuwa dunƙule. Haɗa shi ake yi guntu-guntu, kowane guntu da lokacinsa.

Tushe mafi ƙarfi shi ne hutun karatu da albashi, ga ma'aikacin jami'a, kwalejin horar da malamai ko hukumar gwamnati. Albashi na shiga duk wata, amma akwai yarjejeniyar komawa aiki na wasu shekaru, kuma wanda ya karya ta zai biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka karanta takardar kafin ka sa hannu, ka kuma tabbata shekarun hutun sun kai shekarun karatun. Sau da yawa hutun kan ƙare ana tsakiyar rubutu.

Na biyu shi ne gurbi a cikin babban aikin bincike na wani farfesa. Ayyukan da ƙasashe irin su Denmak, Jamus da Holand ke ɗaukar nauyi kan zo da guraben dakta a ciki, da kuɗin makaranta, alawus da kuɗin fita fili. Ba kasafai sanarwarsu ke yawo nesa ba. Wanda ya yi wa malamai aikin mataimakin bincike lokacin hidimar ƙasa ko lokacin MPhil, wato digiri na biyu mai kundin bincike, shi ke fara ji, kuma nan ne ɗan zango ke yawan rasa dama, domin ana tashi daga lacca ya ruga shago ko koyarwa. Shawararmu ita ce ka nemi aikin tattara bayanai ko rubuta hirarraki a ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi ko da kuɗin kaɗan ne, saboda sunanka ya shiga kunnen masu rubuta takardun neman tallafi. Legon kuma tana da shirin BANGA da Gidauniyar Carnegie ta tallafa, wanda ya fi karkata ga renon matasan malaman jami'a.

Na uku su ne tallafin da ake nema bayan an riga an yi rajista. Mafi dacewa da mu shi ne na SSRC, majalisar binciken kimiyyar zamantakewa da ke New York, shirin renon sabbin masana kimiyyar zamantakewa a Afirka, wanda ya fara a 2011 kuma yake karɓar masu dakta a jami'o'in Ghana, Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu, Tanzaniya da Uganda. Matakai uku ne: har Dala 3,000 don gyara daftarin bincike, har Dala 15,000 don fita tattara bayanai na wata 6 zuwa 12, sai tallafin shekara guda don kammala rubutu. Sai dai jigon aikin dole ya shafi zaman lafiya, tsaro ko ci gaba. Bincike kan rikicin sarautar zango, matasa da bangar siyasa, rayuwar kayaye ko mallakar fili a Ashaiman zai shiga cikin sauƙi. Wanda ke kan waƙoƙin biki sai ya yi aiki sosai kafin ya nuna alaƙar. Mai nazarin al'adun ɗan Adam yana da Gidauniyar Wenner-Gren, wadda ke ba da har Dala 25,000 na fita fili ga ɗalibin kowace ƙasa a kowace jami'a, kuma tana karɓar takardu 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba. CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, ta daɗe da ƙananan tallafin rubuta kundi da tarukan horo kan dabarun bincike, masu tattalin arziki kuma suna da ƙungiyar bincike ta AERC da ke Nairobi. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, ma tana da shirin biya wa ɗalibi karatu a ƙasarsa ko a yankinsa, amma a zaɓaɓɓun cibiyoyi kawai, kuma jerin na canzawa.

Sakatariyar Sikolashif ta gwamnati da asusun ilimi na GETFund ana nema, ba a jingina. Jaridu sun sha kawo labarin ɗaliban gwamnati a waje da alawus ɗinsu ya makale watanni. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya fi mayar da hankali kan gine-gine da koyar da sana'a, don haka kada ka ɗora lissafin shekara huɗu a kansa.

Abin da ke kayar da mai karatu a gida shi ne ratar da ke tsakanin guntayen nan. Tallafin daftari ya ƙare, na fili bai buɗe ba sai bayan wata takwas, sai mutum ya ɗauki koyarwa a makarantu biyu don ciyar da gida, daga nan kundin ya kwanta. Malamin da ke duba aikin yana da ɗalibai da yawa, babi ya yi wata uku a teburinsa. An wuce shekara huɗu, an shiga biyan kuɗin ƙarin wa'adi. An miƙa kundi, masu jarrabawa na waje sun riƙe shi. Ga darajar sidi: a Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma duk wanda ya tsara kasafin bincikensa da sidi a farkon shekarar ya ga kuɗin ya narke kafin ya gama. Idan tallafin da dala ne, nemi a riƙa sakinsa kashi-kashi, kuma ka saka kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana a kasafin.

A kasafin ne masu tantancewa ke gane wanda ya san aikin. Ɗauki misali hira 40, kowace ta awa ɗaya. Rubuta awa ɗaya ta magana na cin awa 4 zuwa 6, wato awa 160 zuwa 240, kafin a zo fassara daga Hausa, Twi ko Dagbani zuwa Ingilishi. Idan ƙidaya ce ta gidaje 400, masu tambaya huɗu da ke yin gida biyar a rana za su ɗauki kwana 20, ban da kwanakin horo da gwaji. Saka kuɗin izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka kuma ba shi lokaci, domin ba a fara hira sai ya amince. Saka goron gaisuwar Sarkin Zango da liman, da sunan kuɗin shiga al'umma. Ka duba kalanda: hira da matan gida cikin azumi ko kusa da Sallah ba ta tafiya yadda aka tsara.

Ƙafa ɗaya a gida, ɗaya a waje

Wannan ce hanyar da mutanenmu suka fi rainawa, mu kuwa muna ganin ita ta fi dacewa da yawancin masu iyali. Rajistarka na Legon, KNUST, Cape Coast ko Tamale, amma za ka je wata jami'a a waje na wani lokaci. Hukumar Commonwealth ta Birtaniya na da irin wannan na wata 12, a jere ko a raba shida-shida, da kuɗin makaranta, tikiti da alawus. A lura: cikakken tallafin dakta na Commonwealth an keɓe shi a shekarun nan ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da masu rauni, don haka duba ko sunan Ghana na jerin wannan shekara kafin ka cika takarda. DAAD ma na da tsarin duba aiki tsakanin malamai biyu, ɗaya a gida ɗaya a Jamus, har zuwa shekara biyu.

Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne dole a nuna akwai alaƙa tsakanin malaminka na gida da na can. Wasiƙa ɗaya da aka nema mako biyu kafin rufewa ba ta isa. Saboda haka tun wajen zaɓen malamin gida ka duba da wa yake wallafa bincike a waje. Lokacin tafiya ma na da muhimmanci: wanda ya tafi kafin ya tattara bayanai zai dawo da karatu mai yawa ba babi ko ɗaya, wanda ya tafi da bayanansa a hannu zai iya dawowa da babi uku. Idan an yarda a raba, wata shida kafin fili don gyara dabarun bincike da wata shida bayansa don rubutu shi ya fi.

Akwai kuma Afirka ta Kudu. Jami'ar Ghana na cikin haɗin gwiwar jami'o'in Afirka mai suna PANGeA, wadda ta hanyarta ake samun gurbin dakta na shekara uku a Stellenbosch, Wenner-Gren kuma na da tallafi na musamman ga 'yan Afirka masu karatun al'adun ɗan Adam a can.

Jamus da arewacin Turai

A jami'o'in gwamnatin Jamus ba a biyan kuɗin karatun dakta, sai ɗan kuɗin zangon karatu. Tallafin DAAD na iya kaiwa shekara huɗu, da alawus tsakanin Yuro 1,300 da 1,400 a wata, inshorar lafiya, kuɗin tafiya da kwas ɗin Jamusanci. Sharaɗin da ya kamata kowa ya haddace: kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida. Yawancin 'yan zango na gama digiri na biyu su shiga aiki don aurar da ƙanne da gyara gida, kafin su waiwayo ƙofar ta rufe. DAAD na da ofishi a Accra, tambaya kyauta ce.

Hanya biyu ce a Jamus. Ko ka samu farfesa ɗaya ya karɓe ka, ko ka shiga makarantar dakta mai tsari kamar BIGSAS ta Bayreuth, wadda ta keɓanta da nazarin Afirka, ko ZEF ta Bonn, mai nazarin ci gaba. Ta farko akwai 'yanci, amma komai na rataye a wuyan mutum ɗaya, idan ya yi ritaya ko kuka saɓa, ka shiga uku. Ga wanda babu wani a danginsa da ya taɓa bin wannan hanya, mai tsarin ta fi aminci. Ka sani dai samun gurbi daban, samun kuɗi daban.

A Holand, Norwe, Suwidin da Denmak, dakta aiki ce da albashi, fansho da hutun haihuwa: shekara huɗu a Holand da Suwidin, uku a Denmak, uku a Norwe ko huɗu idan an haɗa da koyarwa. Ana tallata guraben kamar kowane aiki, a shafuka irin su EURAXESS, AcademicTransfer da Jobbnorge, kuma yawanci ba a biyan kuɗin nema. Ta fuskar kwanciyar hankalin iyali babu kamarta. Illarta ita ce jigon binciken galibi na mai aikin ne. Sannan suna son digiri na biyu mai kundin bincike sosai, shi ya sa MPhil ta shekara biyu ta fi MA ta shekara ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Mai shirin dakta ya yi wannan lissafi tun kafin ya zaɓi digirinsa na biyu.

Birtaniya

Tun 2021 hukumar ESRC, mai ɗaukar nauyin binciken zamantakewa, ta buɗe gurabenta ga baƙi, amma kada su wuce kashi 30 cikin 100. Alawus mafi ƙanƙanta na 2025/26 Fam 20,780 ne a shekara, ba haraji, na shekara uku da rabi ko fiye ga wanda za a ƙara wa horo. Tarko biyu ne. Na farko, hukumar na biyan kuɗin makaranta ne a farashin 'yan gida, kuma sai jami'a ta yafe bambancin, wanda zai iya wuce Fam 10,000 a shekara. Nemi wannan yafiya a rubuce. Na biyu shi ne abin da za ka biya kafin ka taka ƙasar: biza sama da Fam 500, gwajin tarin fuka a Accra, da harajin lafiya na Fam 776 kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko. Shekara huɗu ta haura Fam 3,100 ga mutum ɗaya. Mai mata da yara biyu zai nemi sama da Fam 12,400 na wannan kaɗai, ban da shaidar kuɗin ciyar da kowannensu na wata tara. Masu dakta na cikin waɗanda har yanzu aka bari su tafi da iyali bayan sauyin Janairun 2024, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gates Cambridge da Clarendon ta Oxford sun fi wadata, gasarsu kuma ta duniya ce baki ɗaya.

Amurka

Nan ne kaɗai, cikin wuraren da muka ambata, aka saba ɗaukar mai digiri na farko kai tsaye zuwa dakta, kuma horon dabarun bincike na shekara biyun farko ba shi da na biyu, musamman ga mai son ƙididdiga. Jami'a mai ƙarfi na ba da alkawarin shekara biyar: yafe kuɗin makaranta, alawus, inshora, a madadin koyarwa ko taimakon bincike har awa 20 a mako. Ƙa'ida a nan ɗaya ce, kada ka karɓi gurbin dakta a Amurka wanda babu cikakken kuɗi. Karatun kan kai shekara shida ko bakwai, don haka tambayi abin da ke faruwa a ta shida, ka tambayi ko alawus ɗin na wata tara ne ko goma sha biyu. Ana cire haraji, Ghana kuma ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka. Matar da ta bi mijinta da bizar F-2, ko mijin da ya bi matarsa, ba shi da izinin aiki.

Kuɗin shiga ma na da nauyi: kuɗin nema na kowace jami'a, jarrabawar GRE inda har yanzu ake buƙata, Dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi ta SEVIS da Dala 185 na biza. Jami'o'i da yawa na yafe kuɗin nema idan an roƙa da wuri, kuma masu ba da shawara na EducationUSA a Accra da Kumasi sun san waɗanda ke yi. Tallafin Fulbright na gwamnatin Amurka na bi ta ofishin jakadanci kuma bizarsa na ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. A 2025 sassa da dama sun rage ɗaukar ɗalibai saboda yanke kuɗin bincike, kuma a Yulin shekarar aka taƙaita bizar 'yan Ghana zuwa shiga sau ɗaya na wata uku kafin a janye matakin a Satumba. Ga wanda dole ya dawo Kumasi ya yi shekara yana hira da mutane, irin wannan sauyi na iya raba shi da makarantarsa.

Sauran ƙofofi

Sikolashif ɗin Turkiyya na karɓar takardu daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mai neman dakta kada ya kai shekara 35, kuma akwai shekara guda ta koyon Turkanci. Ana ba da masauki, tikiti da inshora, zama kuma na da sauƙi ga Musulmi, amma alawus ɗin na mutum ɗaya ne, ba ya riƙe gida biyu, kuma ka tabbatar da wane harshe za ka rubuta kundi. Hangari na da nata shirin, da ke bi ta hannun gwamnatin Ghana. Bankin Raya Ƙasashen Musulunci, da iyayenmu suka fi sani, ƙarfinsa na kan likitanci, injiniyanci da noma. Haka ma OWSD ta mata da cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa irin su WACCBIP da WACCI, na kimiyya da fasaha ne, ba na zamantakewa ba.

'Yar'uwa mai wannan buri, akwai ƙari biyu a gare ki: ƙungiyar mata ta P.E.O. na ba mata baƙi har Dala 12,500 a shekara don karatu a Amurka ko Kanada, asusun MMEG kuma na tallafa wa matan ƙasashe masu tasowa da suka kai shekara 25 kuma suka riga suka fara karatu. Dukkansu ciko ne, ba sa ɗaukar karatun gaba ɗaya. Tambayar da ta fi muhimmanci ki yi wa kowace jami'a ita ce ko ana tsayar da agogon karatu da ci gaba da biyan alawus lokacin haihuwa. A arewacin Turai haƙƙi ne na ma'aikaci, a wasu wuraren kuwa sai yadda jami'a ko mai tallafi ya tsara.

To wa ya bi ina?

Mai aiki tabbatacce, da iyali, da jigon bincike a zango, ya yi rajista a gida, ya ɗauki hutun karatu, ya jera SSRC ko Wenner-Gren a baya, ya nemi wata 12 a waje don rubutu. Ajiye aikin gwamnati saboda rabin sikolashif a Turai hasara ce. Matashin da bai yi nauyi ba, mai sakamako mai kyau, ya gwada Amurka da ESRC tare a shekara ɗaya. Mai MPhil da bai damu da a ba shi jigo ba, ya sa ido kan guraben albashi na arewacin Turai duk shekara, domin ba su da lokaci ɗaya. Wanda ba shi da aiki kuma ba shi da tallafi, kada ya yi rajista a gida da fatan kuɗi zai biyo baya. Ya fara shiga aikin bincike na shekara ɗaya ko biyu, yana lura da ƙa'idar shekara shida ta DAAD.

Wajen rubuta tarihin kai, labarin wahala shi kaɗai ba ya cin gasa, domin masu tantancewa na karanta irinsa ɗaruruwa. Faɗi asalinka a jimla biyu ko uku, sannan ka nuna abin da ya ba ka wanda wani ba shi da shi: kana jin Hausa da Twi, makarantar allo ta koya maka karanta ajami da Larabci, za ka iya zama a zauren mai unguwa ba tare da tafinta ba, ke kuma za ki iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Ka kuma nuna ka san haɗarin binciken gida, wato yadda za ka ɓoye sunan wanda kowa a unguwa zai gane shi, da yadda za ka rubuta gaskiya kan dattijon da kake durƙusa wa.

Duk wanda ya nemi kuɗi don ya samo maka sikolashif, ɗan koneshan ne, ka rabu da shi. Babu ɗaya cikin shirye-shiryen nan da ke bi ta hannun dillali.

Shiri na farawa shekara guda da rabi kafin tafiya. Nemi takardun sakamakonka daga jami'a tun Mayu, domin fitowarsu na ɗaukar lokaci. Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS shekara biyu yake yi, kuma wasu jami'o'in na yafe wa ɗan Ghana, don haka tambaya kafin ka biya. Masu rubuta maka shaida su zama malaman da suka karanta kundinka, ba wani babba mai muƙami da bai san aikinka ba, ka ba su mako shida. DAAD kan rufe wajen Oktoba, Amurka a Disamba, Oxford, Cambridge da ESRC tsakanin Disamba da Janairu, kuma yawancin jami'o'in Amurka na ba ka har 15 ga Afrilu ka amsa tayin kuɗi. Wasiƙar neman malami kuwa a tura ta tsakanin Yuni da Agusta: sakin layi uku, ɗaya kan tambayar bincikenka, ɗaya kan wani aikinsa da ka karanta da inda naka ya haɗu da shi, ɗaya kan kuɗin da kake shirin nema da ranar rufewarsa, ka haɗa da daftari mai shafi biyu. Idan mako biyu suka wuce shiru, tura tunatarwa sau ɗaya, sannan ka koma kan suna na gaba a jerinka.